Kafin ka kwance pomp

Duk shekara idan Disamba ya kama, tun kafin a fito daga sallar asuba wayata take fara ƙara, kuma magana ɗaya ce ba ta canzawa: malam mota ta ƙi tashi, alhali jiya da dare lafiya lau na ajiye ta. Wani daga Zango, wani daga Garin Malam, wani yana tasha fasinja sun cika masa mota suna ta surutu. Na haura shekara goma ina gyaran motocin gazuwal, wato dizal, a nan Damagaram, kuma mafi yawan abin da na iya a wannan sana'a a watannin ɗari na koye shi, don lokacin ne duk wata cuta da mota ta daɗe tana ɓoyewa take fitowa fili.

Akwai wani aiki da na yi tun ina yaron gareji wanda har yau yana min ciwo a rai. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo Land Cruiser ɗinsa mai moter 1HZ, wadda yake bin hanyar Tanut da ita har Agadas, ya ce kullum da safe sai an tara yara sun tura ta kafin ta kama, in ta kama kuma ta yi ta karkarwa tana fidda farin hayaƙi. A ranar maigidana ba ya nan, ya tafi Kano sayen kayan gyara. Ni kuma ina jin na fara iyawa, kai tsaye na ce pomp ne, wato na'urar da ke tura gazuwal cikin moter. Na kwance pomp, na kai wa mai gyaran pomp, kwana biyu motar na tsaye, Alhaji ya biya kuɗi masu kauri, na maida shi na daidaita, da azahar na murɗa mabuɗi ta tashi bugu ɗaya. Na ce masa Alhaji an gama. Washegari da asuba sai ga yaronsa a ƙofar gareji, wai motar ta ƙi.

Da maigida ya dawo bai ɗaga min murya ba. Tambaya biyu ya yi min. Ya ce ɗana, da rana tana tashi? Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce hayaƙin safe wane launi ne? Na ce fari. Sai ya ɗauko ƴar fitilar gwaji, ya ɗora a kan ƙarfen nan da ya haɗa kawunan bujin preshofaj, waɗanda mutanen Kano ke kira hita, ya ce in buɗe kontak. Fitila ba ta kama ba. Rele ne, ɗan makunnin da ke sakar wa bujin wuta, ya ƙone, wuta ba ta zuwa ko kaɗan, da muka ciro bujin kuma uku cikin shida sun mutu tuntuni. Aikin da bai kai awa ɗaya ba. Maigida da kansa ya je ya ba Alhaji haƙuri ya maida masa wani abu daga cikin kuɗinsa, ni kuma wallahi na kwana biyu abinci ba ya min daɗi, don kuɗin mutum ne da ya nema da guminsa na sa ya kashe a banza.

Daga ranar na zauna na fahimci yadda abin yake, don da can hannu ne kawai ke aiki kai bai sani ba. Moter ɗin gazuwal ba shi da tartsatsi irin na esans. Iska yake zuƙa, piston ya matse ta sosai, a 1HZ matsin ya kai kamar kashi 22 a dunƙule shi ya koma 1, to wannan matsin ne ke sa iskar ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai injekter ya fesa gazuwal a ciki ya kama da kansa. Kenan komai ya dogara ga zafi. In ƙarfen moter ya kwana a waje ya yi sanyi, shi zai shanye zafin iskar kafin gazuwal ya kama, shi ya sa aka saka bujin preshofaj, bakinsu yana yin ja jawur ya wuce digiri 800 cikin ƴan daƙiƙu don ya taimaka a bugun farko. Farin hayaƙin nan mai yaji a ido gazuwal ne da ya shiga bai ƙone ba. Ma'ana pomp yana aikinsa, mai yana zuwa, zafi ne babu. Da na san wannan a lokacin da ko spana ban ɗora wa pomp ɗin Alhaji ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, sanyinmu na Zinder ba wani sanyi ba ne a wajen moter. A Janairu da asuba yakan sauko wajen digiri 14 ko 15, wani dare ya kusanci 10. Mu dai muna rawar ɗari muna neman wuta da shayi, amma lafiyayyen moter wannan ba ya hana shi tashi. Duk motar da ta ƙi a irin wannan sanyin to da ma tana da ciwonta, zafin bazara ne ya rufa mata asiri wata da watanni, don a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ko bujin duka sun mutu za ta tashi.

Batiri shi ne na farko da nake dubawa yanzu, kafin komai. Direba zai ce maka sanyi ya kashe masa batiri, ni kuma abin da na gani shi ne bazara ce ta cinye shi, ruwansa ya ƙafe, cikinsa ya lalace, hunturu ya zo ya ƙarasa. Ga shi a sanyi ƙarfin batiri na raguwa, ga man moter ya yi kauri demarer, wanda ke juya moter in an murɗa mabuɗi, na shan wahalar juyawa, ga bujin preshofaj su ma suna jan wuta mai yawa kafin a kai ga bugawa, duk a kan batiri ɗaya. Kuma in moter bai juya da sauri ba zafin matsin nan zai zurare. Ina ɗora mita, cikakken batiri ya kamata ya nuna wajen volt 12.6, in na ga 12.2 na san rabi ne, in ana bugawa ya faɗi ƙasa da 9.6 to ya gaji, in mota ta tashi kuma ina son ganin tsakanin 13.8 da 14.4, in ba haka ba alternater ne ba ya caji kuma ko sabon batiri ka saya sati biyu za ka dawo. Sau nawa kuma na tarar ba batirin ba ne ma, kan batirin ne ya yi farin gari, ko wayar mas, wadda ke haɗa batiri da ƙarfen mota, ta saki a jikin shasi. Ruwan zafi da burushi da spana 10, mota ta tashi, mai ita yana mamaki.

Sai ƙura. Hazon hunturu in ya sauka har rana ba ka gani sosai, to duk wannan garin moter ke shaƙa. Filtar iska da za ta yi wata uku a damina, a hanyar Gure ko Tanut cikin ɗari sati biyu ta toshe, sai ka ga baƙin hayaƙi, mota ba ƙarfi a hawa, mai yana tafiya kamar ana zubarwa. Abin da ke ƙona min rai shi ne direban da zai cire filtar gaba ɗaya wai don mota ta sha iska, ko ya yi ta buga ta a jikin taya har takardar ta yage. Ƙurar nan yashi ce, tana shiga silinda ta yi ta goge segiman, zobban da ke jikin piston, kamar sanfefa, matsi ya ragu, shekara mai zuwa ko an saka sababbin buji da sabon batiri motar ba za ta tashi da asuba ba sai an sauke moter. Irin wannan in ka buɗe murfin zuba man moter alhali moter na aiki za ka ga hayaƙi na bulbulowa, daga nan ka san magana ta yi nisa.

Hayaƙi dai yana magana in ka saurara da ido: fari mai bai ƙone ba, baƙi iska ta yi kaɗan ko injekter na zubarwa, shuɗi-shuɗi kuma man moter ne ke ƙonewa. In babu hayaƙi sam ana ta bugawa, to sannan ne zan koma wajen mai.

A wajen mai ma ba daga pomp nake farawa ba. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a ƙarshen 2011 a nan hanyar Tanut gazuwal ya zo kusa da mu, amma daga ganga zuwa bidon zuwa tanki abubuwa da yawa na shiga. Tankin da ya kwana rabi, da rana ya yi zafi da dare ya yi sanyi, raɓa na taruwa a jikinsa daga ciki tana ɗiga cikin mai, ruwa kuma ya fi gazuwal nauyi sai ya kwanta a ƙasa. Akwai ɗan famfo a gindin filtar gazuwal da aka yi shi don zubar da ruwan nan, direbobi da yawa ba su taɓa murɗa shi ba tun da suka karɓi mota. Sai kuma iska, tiyon roba da ya tsufa in ya ji sanyi yana ƙanƙancewa ya saki, mai ya koma tanki cikin dare, da safe sai ka yi ta danna ɗan pomp na hannu kafin ya yi tauri. In ka danna ya yi tauri mota ta tashi, ka nemi inda iska ke shiga, ba sai an kashe kuɗi ba.

Maganar daskarewar gazuwal kuwa gaskiya ce, yana da wani abu kamar kakin zuma a cikinsa wanda in sanyi ya kai kusa da sifiri yake fara fitowa ya yi gizo-gizo ya toshe filta, shi ya sa a Turai suke sayar da gazuwal na daban a lokacin sanyi. A cikin garin Zinder ban taɓa ganinsa da idona ba. Amma masu shiga arewa, duwatsun Abzin da hanyar Bilma inda dare ke yin sanyin gaske, su ina gaya musu su tafi da filta ta biyu su kwana da tanki cike.

Wani abin da na yi shekaru ina yi da hannuna kafin na gane kuskure ne, cire kalorista. Duk garejin da ka je a ƙasar zafi za a ce maka cire ta ka yar, wai ta Turawa ce. Aikinta shi ne ta tsare ruwa kada ya je radiyater sai moter ya kai zafinsa, wajen digiri 80. In babu ita, da safiyar hunturu mota za ta je har Mirya allurar zafi ba ta motsa ba, moter na aiki a sanyi, mai bai ƙonewa da kyau, ƙarfe na cin ƙarfe. Yanzu in mota na zafi radiyater nake wankewa in duba fanka, kalorista in ta mutu in saka wata. Haka ma man moter, mai lamba 15W-40 ya fi saurin zagayawa da asuba a kan wanda aka rubuta 40 kawai, kuma in lokacin bidanj, wato canjin man moter, ya wuce man ya zama kamar kunu to demarer ne zai biya bashin.

Akwai dabarun tasha da nake roƙon mutane don Allah su bari. Jiƙa tsumma da esans a kara a bakin iska, wannan in bujin preshofaj sun yi ja yana iya fashewa tun piston bai iso ba, na ga kan piston da ya tsage saboda haka, na kuma ga karen mota da ya ƙone a hannu. Hura gawayi a ƙarƙashin moter ma haka, ga mai na ɗiga ga tiyo. Sai danne mabuɗi minti guda cur har demarer ya fara wari. Ka buɗe kontak, ka jira fitilar nan mai kamar waya a murɗe ta mutu, in sanyi ya yi yawa ka kashe ka sake sau biyu, ka buga daƙiƙa 10 zuwa 15, in ba ta kama ba ka ba ta rabin minti ta huta. In ta kama kuma kada ka taka totur har ƙasa, man moter bai gama hawa sama ba tukuna.

Sababbin Hilux masu D-4D su kuma wata duniya ce, na'ura ce ke ba injekter umarni kuma matsin man ya wuce bar 1,000. Tsohuwar dabarar sassauta tiyon injekter moter na juyawa don a ga ko mai na zuwa, a nan tana iya huda fatar mutum. Ba sa yafe ruwa a mai, ba sa yafe kananzir da wasu ke surkawa a tsofaffin motoci, kuma sai da na tara kuɗi na sayi ƴar na'urar karanta su sannan na daina lalube a duhu. Amma ko a su ɗin, tambayar maigida ta farko nake fara yi, da rana tana tashi?

Yanzu ina da yara uku a gareji, kuma ba wanda nake bari ya taɓa pomp sai ya nuna min awon batiri, ya gwada buji ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da ruwan filta a gabana. Ɗazu da la'asar wani mai Hiace da ke lodin Magarya ya kira ni, ya ce an gaya masa injekter ne duka huɗu, har an yanka masa kuɗi. Na ce masa ya ajiye kuɗinsa tukuna, ya bar motar ta kwana a waje inda ta saba, kada kowa ya taɓa mabuɗi sai na iso bayan asuba, ina son in ga hayaƙin farko da idona.