Bayan rasuwar mai gidan rediyo, me ke hana tashar yin shiru?

Idan mai gidan rediyo ya rasu, Allah Ya jiƙan musulmi, kowa ya san abin da ke biyo baya: a dakatar da kiɗa, a sa karatun Alƙur'ani, a buɗe layin waya masu sauraro su yi ta'aziyya. Daga Azare zuwa Misau za ka ji ana ba da labarin alherinsa, wane ya samu aiki ta hannunsa, wance an karanta mata cigiya kyauta. Duk wannan hakkinsa ne. Amma wahalar tana zuwa ne bayan an watse daga zaman makoki, domin a yawancin tashoshinmu masu zaman kansu, mutum ɗaya ne ke riƙe da komai a kansa.

A fara da lasisi. Tun da Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, har Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, kamfani ake ba lasisi, ba mutum ba. Wa'adinsa shekara biyar ne, kuma ba a mayar da shi hannun wani sai da yardar hukumar. Saboda haka magada ba lasisi suka gada ba, hannun jarin marigayi a kamfanin suka gada. Cikin makon farko a nemo takardar, a duba ranar ƙarewarta, a duba ko akwai bashin kuɗin sabuntawa ko na kason da ake biya duk shekara. Ba abin wasa ba ne: a watan Agustan 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 a kan bashin da ya kai naira biliyan 2.6, kafin daga baya ta jingine matakin.

Sai asusun banki, kuma a nan aka fi jin jiki. In marigayi shi kaɗai ke sa hannu, da zarar banki ya samu labarin rasuwa, kuɗi sun tsaya. In akwai sauran daraktoci, su zauna su rubuta matsaya, su naɗa sababbin masu sa hannu, su kuma sanar da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. In kuwa kuɗin talla asusunsa na kansa suke shiga, abin da bai kamata ba amma yana faruwa sosai, sai an jira takardar kotu, kuma wannan kan ɗauki watanni. Albashi da man gas ba sa jira.

Lissafin man kuwa a fili yake. Janareta mai kVA 30 kan sha wajen lita biyar zuwa shida a awa. Tashar da ke buɗewa da asuba ta rufe sha biyun dare, in ranar ba a samu wutar lantarki daga kamfanin JED ba, ta doshi lita ɗari. Sau da yawa mai gidan man yana ba da bashi ne saboda fuskar marigayi. A je a same shi da wuri, a rubuta abin da yake bi, a biya wani abu. Haka ma a tambayi wanda ke kula da injin yaushe aka canza baƙin mai da matata, don ana yi ne kusan duk bayan awa 250 na aiki.

Ɗakin tiransimita, wato na'urar da ke watsa shirye-shirye zuwa rediyoyin mutane, shi ne inda sakaci ke saurin nunawa. Tiransimita mai kilowat biyu ko biyar tana fitar da zafi mai yawa, kuma zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu ba ya yi mata sauƙi. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, sai ta rage ƙarfinta da kanta, mutanen ƙauyuka na nesa su fara jin shuuu. In an ƙyale, transistocin ƙara ƙarfi su ƙone, su kuma daga waje ake sayo su da dala. A lokacin hunturu ƙura ke toshe ragar shan iska, don haka a riƙa cire ta ana wankewa duk mako. Da damina matsalar biyu ce. Ruwa kan shiga mahaɗar kebul ɗin da ya hau turken eriya, sai ƙarfin da aka tura sama ya riƙa dawowa. Injiniya zai ga lambar VSWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa, tana hawa, in ta wuce 1.5 a nemi mai hawa turke tun kafin a yi asara. Ta biyu ita ce aradu. Kafin ruwan farko a auna ramin da aka binne ƙarfen saukar da wuta, a tabbatar wayar jan ƙarfen tana nan, domin ɓarayi na son ta.

Wurin rabon gado ne nake roƙon malamai da iyalai su yi hattara. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, a yi wa kamfanin kuɗi gaba ɗayansa, a raba hannun jari gwargwadon kason kowa. In aka ce wannan ya ɗauki janareta, wancan motar ɗauko rahoto, wani kuma filin da turke ke kai, an kashe tashar, kuma kayan a warwatse ba za su yi rabin darajarsu ba. Wanda ke son kuɗinsa a hannu, sauran su saye kasonsa. A bar manajan da ya san aikin ya ci gaba, ko da ba ɗan gida ba ne, yana kawo wa magada lissafi duk wata.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne muryoyin da ke cikin kwamfutar ɗakin shirye-shirye: tafsirin azumi na shekaru, hirarraki da dattawan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, da muryar shi kansa marigayin ranar buɗe tasha. Yawanci faifai ɗaya ne ke ɗauke da su, kuma wutar da ta zo da ƙarfi sau ɗaya ta isa ta cinye shi. A sayi faifai biyu na waje a kwafe komai, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a kai gidan iyalinsa.