Farin yadi, janareta da fim ɗin da babu waƙa: yadda muke haska finafinan gwaji a Jos

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna ce, sai tace hoto a kwamfuta. Da ita nake ci, da ita nake biyan haya. Amma akwai wani aiki na gefe da ni da wasu abokai muka ɗora wa kanmu, wanda bai taɓa kawo mana ko sisi ba: muna haɗa gajerun finafinai irin waɗanda kasuwa ba ta nema, mu kuma nemi fili mu haska wa jama'a. Ba kamfani ba ne, babu ofis, babu furodusa. A cikinmu akwai waɗanda suka yi karatun fim, akwai malamar firamare, akwai mai gyaran waya, akwai wani matashi mai kiɗa a coci wanda duk ya fi mu kunne.

Jos ba baƙuwar fim ba ce. Hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan take. Cibiyar koyon fim ta ƙasa da aka fi sani da NFI a nan take, haka ma kwalejin talabijin ta NTA da ke Rayfield, da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa. Garin na yaye matasan da suka iya kyamara, galibinsu su kama hanyar Legas ko Abuja ko Kano. Masu ɗaukar hoto ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da mutum zai zauna cikin jama'a ya kalli aikin da ba don sayarwa aka yi shi ba. Iyayenmu suna ba da labarin silimar Rex da ta Kwararafa, mu kuwa mun tashi kowa da wayarsa a hannu, yana kallo shi kaɗai.

Abin da ya zaburar da mu shi ne labarin Surreal16, ƙungiyar da Abba Makama, wanda ɗan Jos ne, ya kafa tare da C.J. Obasi da Michael Omonua a 2016. Sun ɗauki darasi daga Dogme 95, wani yunƙuri da Lars von Trier da Thomas Vinterberg suka faro a Denmak a 1995, inda suka gindaya wa kansu sharuɗɗa: kyamara a hannu, babu fitilun ƙawa, babu kiɗan da ba a wurin ɗauka aka yi shi ba. Su ma 'yan Surreal16 suka rubuta nasu dokokin, har da haramta wa kansu finafinan biki, abin da ya ba ni dariya ganin da bikin nake ci. Zuwa 2021 sun buɗe bikin nuna finafinai nasu a Legas mai suna S16. Mu ba mu kai nan ba, ba kuma can muka nufa ba. Abin da muka ɗauka a wurinsu shi ne mutum uku ma sun isa su ce ga yadda za mu yi namu.

Namu sharuɗɗan ba su da yawa. Fim kada ya wuce minti goma sha biyar. Wanda ya ba da umarni a wannan karon, a karo na gaba shi ne mai riƙe makirfo ko mai jan waya, kamar dai gayyar noma, yau gonarka gobe tawa. Kuɗi kuwa adashi muke zubawa duk wata, wanda kwasa ta zo kansa ya yi fim da shi: kuɗin keke, abincin ma'aikata, man janareta. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi kawo gardama, cewa ba a sa fim a intanet sai an haska shi a gaban mutanen unguwar da aka ɗauke shi.

Ɗauka ba ta ba mu wahala kamar yadda ake zato. Kyamarar da nake aikin biki da ita ta wadatar, wani lokaci ma waya. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka in za ka ɗauki hoto a ƙarƙashin fitilar ɗaki, ka saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba ka ga hasken yana rawa. Hazon hunturu yana tausasa rana, fuska ta fito da kyau ba tare da fitila ba, sai dai ƙurar tana shiga gilashin kyamara, ba a canza shi a fili. Tacewa kuma da manhajar DaVinci Resolve muke yi, akwai ta kyauta.

Sauti ne ke raba aiki da wasa. Ɗan kallo zai yafe maka hoto mai duhu, zai ma ɗauka da gangan ka yi, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa sai ya ciro wayarsa. Iskar Jos kuma ba ta da kunya, musamman a kan duwatsu wajen Shere ko bakin dam ɗin Lamingo. Muna naɗe makirfo da ƙyalle mai gashi, mu sa wata waya a aljihun mai magana tana ɗaukar murya daban, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara don a samu inda za a daidaita murya da hoto wajen tacewa. Makaɗin nan namu shi ya koya mana cewa bayan an gama ɗauka kowa ya yi tsit na minti guda a ɗauki sautin wurin kawai. Da wannan ake cike ramukan da ke tsakanin maganganu.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da haskawa. Kayan dai ba su da yawa: majigi na aro, farin yadi da aka ɗinke biyu aka ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu don kada iska ta kumbura shi, lasifika biyu, tabarmi da bencina, da doguwar waya don a kai janareta can bayan katanga. Janaretan da ke kusa yana cinye fim ɗin da aka gina kan shiru. Lokaci ma a ƙayyade yake, domin daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ba ya barin a yi komai a fili, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma sanyin dare ne, a garin da ke sama da mita 1,200 daga teku. Mai shayi ya zama dole. Duk inda za mu haska sai mun yi magana da mai shayin unguwar ya matso da teburinsa, shi ya yi ciniki, mu kuma mutane su zauna.

Babbar tambaya ita ce a ina. Duk ɗan Jos ya san abin da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka yi wa zaman garin. Unguwanni sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Mutumin Anguwan Rogo ko Gangare ba ya son dare ya yi masa a unguwar da ba tasa ba, haka ma na Tudun Wada ko Kabong, ko da kuwa lafiya lau ake. Inda ka rataya yadinka shi ya riga ya zaɓa maka 'yan kallo kafin ka kunna majigi. Akwai masu ganin a nemi zaure a tsakiyar gari a yi da rana, a toshe tagogi da bargo. Mun yi hakan, kuma yana da amfaninsa, amma waɗanda ke zuwa ɗalibai ne da masu sana'ar, mutanen da dama sun yarda da kai. Ni na fi son hanya mai wuya: shiri ɗaya a haska shi sau biyu, wannan makon a wannan ɓangare, mako mai zuwa a wancan, mu kuma mu tafi gaba ɗayanmu, Musulmi da Kirista, ɗan unguwa ya shige gaba. Hausa ce ke haɗa taron, Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarabawan garin duk suna ji, sai mu sa fassarar Turanci a ƙasan hoto saboda baƙi.

Ba a shiga unguwa sai da sallama. Akan fara da mai unguwa, sannan 'yan banga, a kuma sanar da jami'an tsaro. Wani mai unguwa da muka je wa ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "To, na gwamnati ne ko na 'yan siyasa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ko ɗaya. Namu ne." Ya ce, "Ku kuma me za ku samu?" Ba mu da amsar da za ta gamsar da shi, sai muka buɗe kwamfuta ya kalli finafinan tun daga farko har ƙarshe a zaurensa. Tambayarsa tana kan hanya. Majigin da dattawa suka sani motar gwamnati ce da ke zuwa ta nuna tsafta da allurar rigakafi da noman zamani, tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai. Wanda ya zo da farin allo kyauta, a saninsu, akwai abin da yake so ka yi. Da ya gama kallo ya ce a fara bayan sallar isha'i, a tashi kafin ƙarfe tara da rabi, a ware wa mata gefe guda, a kuma cire wani wuri da fuskar wata matar aure ta fito ba da saninta ba. A wannan na ƙarshe ya fi mu gaskiya, kuma tun daga nan neman izinin duk wanda fuskarsa ta fito ya shiga cikin sharuɗɗanmu.

Akwai masu cewa mutanenmu ba za su iya kallon fim ɗin da babu jarumi da jaruma, babu waƙa da rawa ba. Ban yarda ba. Gaskiya ne wanda ya tashi da finafinan Indiya da na Kano zai tambaye ka ina labarin, kuma yara kan yi ihu "a sa waƙa!" a mintunan farko. Amma jera shirin shi ne dabara. Mukan buɗe da abin da aka ɗauka a unguwar, mutane su ga shagon wane da akuyar wance, a yi dariya, jiki ya saki. Mai nauyin yakan zo na biyu ko na uku, lokacin da an riga an zauna. Ba ma yin dogon jawabi kafin fim. In ka ce wa mutum abin da zai gani yana da zurfi, ka riga ka gaya masa ba nasa ba ne.

Wanda ya fi jan magana a cikin ayyukanmu shi ne na malamar firamaren nan, kan kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Bukuru. Babu mai magana a ciki. Ruwa ne kore a kwance, da tsibin jar ƙasa, da mata masu wanke yashi suna neman abin da ya rage, sai ƙarar kwano da shebur. Kamfanonin Turawa sun haƙi kuza a Filato tun farkon ƙarni na 20, sana'ar ta durƙushe bayan farashin ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, ramukan kuma suka cika da ruwa suka zauna. Da fim ya ƙare wani saurayi ya ce shi bai ga komai ba sai ruwa. Wani dattijo da ya yi leburanci a ma'adinai ya miƙe da sandarsa ya ce wa malamar, "'Yata, kin nuna ramin, ba ki nuna abin da ya haƙa shi ba. A da ba a jin maganar mutum a wurin nan saboda ƙarar inji." Ta ce, "Baba, ai shi ya sa na bar shi shiru." Ya ce shirun nata ya yi yawa, wanda bai san da ba zai zaci haka Allah ya halicci wurin. Daga nan taro ya kasu, wata mata ta kawo zancen yaran da ruwan ke ci, wani ya ce da ruwan ake noman rani na tumatir da kabeji. Gardamar ta fi fim ɗin tsawo. Daga baya malamar ta je ta ɗauki muryar dattijon, amma ba ta ɗora a kan hoton ba, sai ta sa ta a farko a kan baƙin allo, minti biyu, kafin ruwan ya bayyana. A ganina na biyun ya fi, ita kuma har yanzu tana cewa na farkon ne nata.

Irin wannan gyara ba ya samuwa a wurin sharhi na YouTube, shi ya sa nake kare sharaɗin nan na haskawa a unguwa duk da ƙorafin matasan cikinmu. Su ma suna da hujja: wasu bukukuwan finafinai suna son su ne farkon nunawa, ga kuɗin shiga da dala. Bikin Zuma da hukumar finafinai ke shiryawa a Abuja ya fi mana kusa, kuma duk shekara sai an yi muhawarar ko a jinkirta haskawa don a tura can.

Sai batun ajiya, wanda masu ƙananan finafinai ba su cika damuwa da shi ba. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon gini a Legas, cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan babban aiki ne da gwamnati ta san da shi, ina ga namu da ke zaune a kan na'urar ajiya ɗaya a cikin jakar wani. Yanzu kowane fim yana da kwafi biyu a gidaje biyu, ɗaya a Rikkos ɗaya a Bukuru, tare da takarda mai sunayen waɗanda suka yi aikin da ranar ɗauka. Muna kuma ɗaukar sautin tattaunawar da ake yi bayan haskawa mu ajiye tare da fim ɗin. Adashin watan gobe ma ba fim za a yi da shi ba, na'urar ajiya ta uku za a saya, in ya yi saura a ɗinko sabon yadi, domin tsohon ya fara yin ja saboda ƙura.