Jinyar yaro mai galahanga a asibiti

Ɗan ƙanwata yana da galahanga, wato lalurar da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a wani asibiti a nan Yamai cikin damina. Hayaniyar masu dubiya, hasken fitila da hannuwan baƙi da ke taɓa shi ba zato sun fi allura wahalar da shi, har ya toshe kunnuwa yana ta kaɗa jiki.

Wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata, ta tambayi uwar: "Hajiya, yaya yake nuna ciwo tunda ba ya magana?" Daga nan ta mayar da shi gadon kusurwa, ta ba shi ma'aunin zafi ya jujjuya kafin ta sa masa, kuma ta bar masa murfin kwalbar da yake riƙewa har aka gama ƙarin ruwa.

Yara da dama masu wannan lalura suna fama da farfaɗiya ko rashin barci, saboda haka a ganina ya kamata a rubuta waɗannan a katin yaro, tare da abin da ke firgita shi da abincin da yake karɓa, domin masu aikin dare su gani.