Kash Walla Shabaka

Laraba, kwana na uku a Makka. Misfala, ƙarfe 11 da 'yan mintuna na dare.

Inna ta yi barci tun da muka dawo daga isha'i, ƙafafunta shafe da man zafi. Ni ido ya ƙi rufuwa, to gara in rubuta abin da ya cinye mini yinin yau tun ban manta yadda aka yi ba.

Daga kofin shayi abin ya faro. Mun fito daga Harami bayan asuba muka biyo titin Ibrahim Khalil, Inna ta ce sanyin daɓen nan ya shige mata ƙashi, tana son abu mai zafi. Na tsaya a wani ɗan shago na ce shayi biyu da burodin tamis ɗaya. Mai shagon ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kash walla shabaka?" Wato tsaba ko shabaka. Shabaka a Larabci raga ce, amma a bakin 'yan kasuwar nan ita ce na'urar da muke ce wa POS a gida. Mutum huɗu ne a gabana, babu wanda ya zaro takarda. Wannan ya ɗora waya, wancan ya kara agogon hannu, ƙit, ya ɗauki ledarsa ya wuce. Ni kuma da nake ji da kaina, tun canjin kuɗin farkon 2023 da takardar naira ta yi ɓatan dabo ban sake yawo da tsaba a Kano ba, mai nama da mai a-daidaita-sahu duk tiransifa nake musu, sai na ce "shabaka" da ƙarfin gwiwa na miƙa katina na naira. Na'ura ta yi jim, ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Layi ya taru a bayana. Inna ta zuge 'yar jakar da ke rataye a wuyanta cikin hijabi, ta zaro riyal 10 ta ce, "Ungo, ɗan boko."

Har muka iso masauki ba ta ƙara magana ba, sai murmushi. Da ta yi maganar ma da ya fi mini sauƙi.

Da hantsi na zauna bakin gado na ce yau sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. Na san labarin katin nan. A 2022 bankunan gida suka yi ta rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira, har ya sauko dala 20 a wata, daga baya aka rufe ƙofar gaba ɗaya. A tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa, kowa da iyakarsa. Da wannan labarin na dogara na taho, ban ko leƙa banki na tambaya ba. Ashe nawa sai ka shiga manhaja ka kunna masa izinin aiki a ƙasar waje. Na shiga, na danna, sai aka ce an tura mini lambar sirri ta saƙon tes. Ina aka tura? Layina na Najeriya. Ina layin? Yana cikin rigar fasfo, inda na cusa shi ranar Litinin a filin jirgin Jidda, lokacin da na sayi layin nan aka ɗauki hoton yatsana. Wayata rami biyu gare ta, ɗaya layin Saudiyya, ɗaya katin ajiyar hotuna, kuma ba zan cire shi ba.

Rakani-kashin Inna ce ta cece ni. Na ɓalle bayanta na sa layin, na jira kusan kwata kafin sabis ya hau. Na sake neman lambar. Ta iso bayan minti goma, alhali wa'adinta minti biyar ne. Na sake, haka. A karo na huɗu guda uku suka shigo a jere kamar an buɗe musu ƙofa, na rasa wacce ce mai rai, na sa wadda ba ita ba, manhaja ta ce in dakata zuwa gobe. Laifi tudu ne, amma wannan karon na hango nawa sarai. Aikin minti biyu ne da na yi shi a ɗakina kafin mu tashi.

Na gwada sa katin a cikin wayar yadda na ga mutane suna yi, aka ce bankin da ya ba da shi ba ya cikin tsarin. Na sauke wata manhajar kuɗi ta nan, shafin farko ya nemi lambar ɗan ƙasa ko lambar iƙama, wato takardar izinin zama. Ba ni da ko ɗaya. Nan na ajiye waya na yi alwala.

Bayan azahar muka ɗauki tasi zuwa wajen Goggo, can ɓangaren Shara Mansur. Riyal ɗin Inna ne ya sake biya. Goggo yayar mahaifina ce, aure ya kawo ta tun ban zo duniya ba. Dangin mijinta kuwa tsofaffin zama ne, kakansu a ƙafa ya taho ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru yana noma a hanya kafin ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Da ka shiga layinsu sai ka rantse Fagge kake: Hausa ta ko'ina, ƙamshin daddawa, ga mai tsire yana fifita wuta. Larabawan Hijaz ma sun karɓi tsiren nan, siriya suke ce masa. Goggo ta rungume Inna suka yi kuka, suka yi dariya, suka shiga lissafin waɗanda suka rasu tun haɗuwarsu ta ƙarshe. An yi mana tuwon shinkafa miyar kuka, ga ƙananan kofunan gahawa da dabino a gefe.

Inna ce ta tona ni. Ta ba da labarin shayin asuba har da kwaikwayon yadda na ce "shabaka". Jikan Goggo, saurayi ɗan wajen shekara ashirin, haifaffen nan, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya matso ya ce, "Ya Kawu, kawo jawwal ɗin in gani." Hausarsa rabi da rabi ce, waya jawwal, kati biɗaƙa, kuɗi fulus, kowace jimla da "khalas" a ƙarshenta.

Shi ya warware mini zaren. Ya ce duk na'urorin da nake gani a shaguna a kan mada suke, wato tsarin katin ƙasar da ke ƙarƙashin babban bankinsu, SAMA. Suna karɓar Visa da Mastercard na waje ba matsala, muddin bankinka na gida ya sake maka mara. Masu iPhone tun 2019 suke biya da Apple Pay, masu Android irin wayata kuma da mada Pay suka saba, Google Pay bai iso ba sai 2025. Amma waya ba ta biya da kanta, sai da kati a cikinta, katin kuma sai da asusu, asusun kuma sai an san ko kai wane ne. Su mazauna iƙama ce shaidarsu, kuma akwai Nafath, manhajar gwamnati da ke tabbatar da cewa kai ne. Baƙo irina shaidarsa fasfo ce da wata lamba da ban taɓa jin sunanta ba sai yau: raƙamul hudud, lambar shigowa ƙasa, guda 10, wadda ake ba kowa ranar da ya sauka. Goggo ta ce a da jami'i ke rubuta ta da biro kusa da hatimi. Na buɗe fasfona shafi-shafi ban ga rubutun kowa ba. Yaron ya shiga Absher, shafin ma'aikatar cikin gidansu, da bayanan bizata, sai ga ta.

Ya ce akwai asusun waya da aka yi musamman don alhazai, na Nusuk, wanda ma'aikatar Hajji da Umara ta fito da shi a 2024 tare da bankin SNB. Ni Nusuk ɗin da na sani shi ne na neman izinin shiga Rauda, ban san yana da aljihu ba. Amma ya zaɓar mini wata manhajar da shi kansa yake amfani da ita, mai karɓar baƙi, don turawa tsakaninmu ta zo da sauƙi.

Rajistar ta ɗauke mu wajen minti arba'in, kuma rabin lokacin a kan fuskata ya tafi. A ɗauki hoton fasfo, haske ya yi yawa. A koma inuwa, ya yi duhu. A kalli kyamara, a juya hagu, a ƙifta ido. Hoton fasfona da gashi da hula aka ɗauke shi, ga ni yau da ƙwalƙwal ɗin askin Umara, na ce wa yaron ko uwata sai ta duba sau biyu. Inna daga kan darduma ta ce, "Ni dai na gane ka, kunnuwan ne ba sa ɓuya." Sunana ma sai da muka gyara, domin na rubuta shi yadda nake rubutawa kullum, su kuma yadda yake a fasfo suke so, harafi da harafi. Lambar sirri kuwa, da yake layin nan aka tura wa, kafin in ɗauke yatsa ta shigo.

To an buɗe asusu, babu ko halala, kwabon riyal, a ciki. Da me za a cika shi? Katina yana kulle sai gobe. Dalar da na zo da ita tana masauki, kuma ko tana hannuna sai na bi ta wajen sarraf, wato mai canji. Lissafinta dai ba wuya, tun 1986 riyal yake ɗaure da dala, 3.75, dala 100 riyal 375 ke nan, mai canji ya ɗan tsakuri nasa. Nairarmu ce ke rawa, riyal ɗaya ya kusa naira 400, shi ya sa na hana kaina juya farashin komai zuwa naira, in ba haka ba ko ruwa ba zan saya ba.

Goggo ce ta kawo mafita ba tare da ta san ta kawo ba. Ta ce dama tana neman wanda za ta ba saƙo ya kai wa ƙanwarta a Kano, kuɗin magani. Muka kalli juna ni da yaron. Manhajar bankina ta gida ta hana ni taɓa kati, amma ba ta hana ni tiransifa ba. Na tura naira daga falon Goggo zuwa Kano, ƙanwar ta kira ta WhatsApp tana sa albarka tun ba a gama wanke kwanukan tuwo ba, shi kuma ya turo mini riyal 500 cikin sabon asusun. Goggo ta riƙe haɓa. Ta ce a zamaninsu sai a jira lokacin aikin Hajji, a ɗinke kuɗi cikin ɗamara a ba alhaji amintacce, wasiƙar cewa saƙo ya isa kuma sai wata shekarar.

Saura sa katin a waya. Ya duba ya ga wayata tana da NFC, abin da ke sa ta yi magana da na'ura in an kara su. Ban taɓa kunna shi ba tun da na saye ta a Farm Centre. Ya ce dole in sa mata makulli na yatsa ko lamba, ba a yarda da waya sake ba. Ya kuma gargaɗe ni, ranar da katina na gida ya farfaɗo, idan na'ura ta tambaye ni da wane kuɗi za a cire, in zaɓi riyal, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Gwajin farko a ɗan kantin bakin layinsu muka yi, kafin magariba. Laban, wato nono, biyu da ruwa. Na ɗora waya gabana yana faɗuwa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ƙit. Shi ke nan. Babu "jira alat ya shigo", babu "turo mini risit", babu tsayuwar kallon-kallo da muke yi da masu shago a gida. Na karanta cewa SAMA ta ce a 2024 kashi 79 cikin 100 na cinikin yau da kullum a ƙasar nan ba da takardar kuɗi aka biya ba, yau na ga dalili. Sai dai sauƙin nan yana da haɗari ga mai ƙaramin guzuri. Takarda in tana fita kana jin ta a jikinka, wannan kuwa ko ƙaiƙayi babu. A kan rasit ɗin na ga harajin kashi 15 a rubuce, shi ma shiru ya tafi.

Abin da ya fi mini daɗi shi ne tikitin jirgin ƙasa na Haramain. Tun jiya nake son saya mana na Madina ta intanet na kasa. Yanzu ina zaune a kan gado na saya biyu, na ranar Asabar. Kilomita wajen 450 cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, maimakon Inna ta yini naɗe a mota da ƙafafun nan nata.

Da za mu shiga isha'i, a harabar Harami, Inna ta ga masu sharar nan da ba sa hutawa ta ce in ba ɗaya daga cikinsu wani abu. Na laluba aljihu, waya ce kawai. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "To ɗora masa a goshi mana." Ta sake zuge jakar wuyanta.

Na lissafa, riyal 65 take bi na daga asuba zuwa yanzu, kuma ta ce takarda take so, sababbi. Gobe bayan asuba sai wajen sarraf, daga nan in sake gwada lambar sirrin nan a rakani-kashi. Caji saura kashi 9, kuma soket ɗin ɗakin nan mai ƙafa uku ne, abin haɗin yana cikin jakar da Inna ta yi matashi da ita.