Kada lambar lafiyar SSD ta rufe muku ido

Ƙannena masu aiki da kwamfuta, idan kun buɗe manhaja irin CrystalDiskInfo kuka ga lafiyar SSD ɗinku, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, kashi 98 cikin 100, da launin shuɗi, hankalinku zai kwanta. Ni ma nawa ya kwanta. Lambar tana can sama safiyar da na kunna kwamfutata ta ce ba ta ga ma'ajiya ba, kuma aikina ba shi da kwafi a ko'ina.

Wannan lambar zaizayewa kawai take aunawa. Ƙwayoyin NAND, waɗanda ke riƙe bayanai a cikin SSD, suna gajiya duk sanda aka goge aka sake rubutu, shi ya sa ake ba kowane SSD adadin TBW, wato yawan terabait da aka lamunce masa ya rubuta. Samsung 970 EVO Plus mai terabait 1 an ba shi 600. Mai rubuta gigabait 40 kullum sai ya haura shekara 40 kafin ya cinye wannan. Kun ga ke nan, da wuya tsufa ya kashe muku shi. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da shi ce kan mutu farat ɗaya, ko manhajar cikinsa ta rikice, ko wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Ba ya ƙas-ƙas irin na tsohon faifai mai juyawa, balle ku yi shiri.

Don haka ku sauka ƙasa cikin bayanan SMART, wato rahoton da SSD ke bayarwa kan lafiyarsa, wanda manhajar ke nunawa. Ku duba kurakuran bayanai, da ƙwayoyin ko-ta-kwana da suka rage, da sau nawa ya mutu ba a kashe shi yadda ya dace ba, da zafinsa in yana kusantar digiri 70. Kuskuren da jiya sifili ne yau ya fara hawa ya fi damuna a kan lafiyar da ta sauko 80. In kuwa ya ƙi karɓar rubutu amma yana karantuwa, ku kwashe komai nan take, kafin ku sake kunna kwamfutar.

Kada ku dogara da masu dawo da fayil. Abin da aka goge, TRIM, wato umarnin da ke sanar da SSD gurbin da ba a buƙata kuma, kan sa a share shi gaba ɗaya. Ku riƙe kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani wuri daban, kuma ku riƙa buɗe kwafin ku tabbatar yana aiki. Tsohon SSD da aka jefa a aljihun tebur ba ma'ajiyar shekaru ba ce: ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan na'urori, shekara 1 kawai ta buƙaci wanda ya ƙare ƙarfinsa ya riƙe bayanai ba wuta, a zafin digiri 30.