Tukunya ɗaya ce a gidan: abin da aiki ya koya mini game da ganye da rage ƙiba

Tambayar da aka fi yi mini a wurin aiki ita ce wane ganye ne yake narkar da kitse. Ina zaune ne a ɗakin ba da shawara kan abinci a wani asibiti nan Kumasi, kuma akasarin waɗanda likita ke turo mini mata ne daga Aboabo, Asawase, Sawaba da Zangon Tafo, masu hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa, waɗanda aka ce wa su rage jiki. Da an ji na yi Hausa sai a gyara zama, a sassauta murya, a yi tambayar kamar muna ɓoye wani sirri a ƙarƙashin tebur. Babu irin wannan ganye. Zogale ba ya yi, kokwambar da aka kwana da ita a ruwan lemun tsami ba ta yi, balle shayin da ake talla a WhatsApp. Aikin ganye shi ne ya ci wuri a tukunya, ya ci wuri a ciki, har ya tilasta wa wani abu ya matsa. In aka ƙara ganye amma tuwo da mai suna nan yadda suke, sikeli ba zai motsa ba.

Lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ba shi da wuya. Gram 100 na kabeji yana da kalori kusan 25, kokwamba 15, tumatir 18, kuɓewa wajen 33, karas wajen 40. Gram 100 na garin rogo ko garin masara ya kai 360. Mai kuwa, ko na ja ko na gyaɗa ko na kanti mai tsada, ya kusa 900. Wato cokalin cin abinci ɗaya na mai, wanda ke ɗauke da kalori kimanin 120, daidai yake da kusan rabin kilo na kabeji. Ciki buhu ne, ba ya ƙirga kalori, cika kawai yake ji. In ya buɗe sai ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa ya isa. Ganye ruwa ne da zare mafi yawa, kuma zaren nan hanji ba ya narkar da shi, shi ya sa yake cika buhun da araha, yake kuma jinkirta dawowar yunwa.

A cikin abin da na karanta a makaranta, wanda ya fi yi mini amfani shi ne wani gwaji da Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka ta wallafa tare da abokan aikinta a 1999. An ba mata dafaffiyar shinkafa da kaza kafin cin rana. Wata rana an haɗa musu da kofin ruwa a gefe, wata rana kuma an zuba ruwan nan a cikin abincin ya zama miya. Kayan iri ɗaya, ruwan iri ɗaya, amma ranar miya sun fi rage cin abincin da ya biyo baya. Ruwan da ke cikin abinci ya fi na kofi riƙe ciki. Da na fahimci haka sai na daina kallon hotunan burokoli a intanet, na koma kallon miyarmu. Mutanen da kullum suke cin ayoyo da kuɓewa da kuka ba su da buƙatar a koya musu cin ganye daga waje.

To me ya sa ƙibar take ƙaruwa? Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2022 ya nuna kusan rabin matan Gana 'yan shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. A zango ma har yabo ake yi, amarya ta cika a ce mijinta ya iya kiwo. Amma ni a kwanon tuwo na fi ganin amsar. Dubi yadda ake zuba tuwo zafi a Alaba ko Akwatia Line: malmala biyu manya na masara da garin rogo, a tsiyaya ayoyo tsararo wanda ganyen cikinsa bai kai tafin hannu ba, sannan a kawo jar miya a malala a kai, mai yana iyo, da kayan ciki ko ganda. Mai ci zai rantse ya ci ganye, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai koren da ya gani ado ne, abincin na gaskiya tuwo ne da mai.

Akwai abin da nake yi da wadda ta ce mini ita ba ta cin mai. Nakan roƙe ta, in za ta dawo, ta zo mini da jar miyarta ta gida a roba. Mu ajiye ta a kan tebur ta huce, man ya taso sama ya kwanta ja wur. Sai in miƙa mata cokali da kofin gilashi in ce ta kwashe da hannunta, tana ƙirgawa. Cokali na farko da na biyu ana dariya. Daga nan dariyar takan tsaya, don har yanzu ba a taɓo tumatirin ba. Gani ya kori ji. Ba na cewa komai, sai in nuna mata cewa kowane cokali da ke cikin kofin nan rabin ƙullin kabeji ne da za ta iya ci ta ƙoshi. Miyar da ta rage a robar kuma, in an ɗanɗana, miya ce har yanzu.

Darasi mafi girma dai ba daga littafi na same shi ba. Wata dattijuwa mai sayar da atamfa ta saurari bayanina har ƙarshe, ta naɗe takardar da na ba ta, ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma gidana mutum goma sha ne, gawayi kin san kuɗinsa. Tukunya biyu zan ɗora, tawa daban ta Alhaji daban?" Na ce, "A'a Hajiya, ɗaya za ki ɗora." Tun daga nan duk shawarar da ke buƙatar tukunya ta biyu na ajiye ta. Mace ba za ta dawo daga kasuwar Kejetia da magariba ta tuƙa wa gida tuwo, sannan ta koma yanka wa kanta latas ba. Ko ta yi mako ɗaya, a na biyu za ta gaji, kishiya ko suruka kuma ta fara tambaya ko wani ciwo ne ake ɓoyewa. Abin da ke ɗorewa shi ne gyaran da ba wanda zai lura da shi: a ninka ayoyon da ake sa wa miya har ta yi kauri, a rage man jar miya kaɗan-kaɗan, ita kuma a kwanonta ta ɗauki malmala ɗaya ta cika sauran wurin da miya. Ta fara shan miyar da cokali kafin ta kai hannu ga tuwon. Alhaji ya ci nasa biyun, ba a taɓa shi ba, ya ma ƙaru da ganyen bai sani ba.

A cikin ganyayen, miyar yauƙi nake sa wa a gaba, wato ayoyo da kuɓewa, ɗanya ko busasshiya, da kuka. Dalilina biyu ne. Yauƙin nan wani nau'in zare ne mai narkewa a ruwa, yana rage saurin fitar abinci daga ciki da saurin hawan suga a jini. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, miyar yauƙi ba ta neman mai. Daddawa, barkono, albasa da busasshen kifi sun ishe ta. A dai sassauta kanwa, don tana kashe wasu bitamin, kuma kada a bar ganyen a wuta har ya yi baƙi.

Kontomire kuwa, ganyen gwaza na Tonawa, wato Asante, masu masaukinmu, yana da fuska biyu. In aka yi shi irin na soyawa, da agushi da man ja har ya rufe ganyen, ya tashi daga abincin mai rage jiki. In aka yi abomu, a dafa ganyen sosai don ya daina ƙaiƙayin maƙogwaro, a niƙa shi a kasko da albasa da barkono da yalo, to man a ƙarshe ake zuba shi a kai, ido yana gani, hannu yana iya tsayawa a cokali ɗaya. Na fi son wannan nesa ba kusa ba. Mai hawan jini dai ya jiƙa kifin gishirin da ake sa masa, ko ya musanya shi da ƙwai. Alayyafo da gboma, wato ganyen wani nau'in yalo, da rama duk haka suke, kyansu ko muninsu yana ga abin da aka dafa su da shi. Kwaɗon zogale ma abinci ne mai riƙe ciki, muddin ba a danne shi da ƙuli-ƙuli sannan a sake malala masa mai ba. Ɗaya daga ciki ya isa.

Yalo shi ne abin da nake ba 'yan kasuwa. Ba ya son wuta, ba ya lalacewa a jaka, kuma yana sa tauna. Wadda ta saba tsayar da mai bofrot, wato fanke, ko mai burkina, wato gero da nono, da hantsi, in ta ci yalo biyu ko uku ta sha ruwa, takan kai azahar lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kashi biyar ke nan na gram 80, kuma rogo da dankali da sauran saiwoyi masu sitaci ba sa cikin lissafin. Kashi ɗaya bai wuce ludayin miya cike da dafaffen ganye ba, ganye zalla, ban da ruwan. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙullin da ya cika kwando ɗanye, in ya ji wuta sai ya koma ɗan dunƙule. Shi ya sa nake cewa a sayi ninkin abin da ido ya ce ya isa.

Ganye shi kaɗai kuma ba ya kai mutum la'asar. Masu zafin nama da ke yanke tuwo gaba ɗaya su koma kabeji da kokwamba, su ne ake samu da dare a gaban mai shayi, da burodi da ƙwai da madarar gwangwani. Dole a haɗa ganyen da abin da ke gina jiki: wake, kifi, ƙwai, wagashi, wato cukun nono. Tubani da miyar ganye ya fi salak riƙe ciki. Salak ɗin biki ma, mai kirim da waken gwangwani da sadin, sunansa ne kawai salak.

Maza sun fi wuya, don a waje suke ci. Direba ko mai sayar da kayan mota a Suame ba ya da iko da tukunyar kowa, amma yana da baki a gaban mai waakye. Faranti ɗaya ana tara masa shinkafa da wake, taliya, gari mai mai, ga shito, wato soyayyen barkono, wanda shi ma rabinsa mai ne. Abin da nake gaya musu: Alhaji, ka ce a bar taliya da gari, kuɗinsu a ƙara maka kabeji ba kirim, a sa ƙwai ko kifi, shito kuma kan cokali. Kuɗin bai canja ba, farantin bai ragu a ido ba, ba kuma wanda zai yi maka dariya a benci.

Wani abu da ba na tsallakewa shi ne wanki. Latas da kabeji da albasa mai lawashi da ake nomawa a cikin gari, irin lambunan Gyinyase, da ruwan rafi ake ba su, kuma rafukan birni kowa ya san abin da ke gangarawa cikinsu. Duk abin da za a ci ɗanye a ɓare shi ganye-ganye, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa a ruwan binega, a sake ɗaurayewa. In ana shakka a dafa. Da rani kuma, lokacin da tumatir ke zuwa daga Burkina Faso farashi ya hau, ba dole sai ɗanyen ganye ba. Kuka, busasshiyar kuɓewa da busasshen zogale sun rasa wani ɓangare na bitamin, amma zarensu yana nan, shi ne kuma mai ƙosarwa.

Game da sikeli, ba na yi wa kowa alkawarin komawa jikin 'yan mata. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga sauƙi a awon suga da na jini. Ga mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 9 ke nan, kuma rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin kada ta rage tuwo da kanta ba tare da likitanta ya sani ba, don sugan na iya faɗuwa ƙasa, ta ji jiri da rawar jiki da gumi a tsakiyar kasuwa. Mai ciwon ƙoda da mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, su ma ba na ce musu su ninka ganye. Tare da likitansu muke zama mu auna musu nasu ludayin.