Maganin ƙuma na ɗigawa a ƙeyar mage, da maganar tsutsar ciki

Jama'a dan Allah masu mage a gida ku tsaya mu yi maganar nan, don da damina ta kankama a Katsina ƙuma ke yawa, danshi take so, kuma abin da nake gani mutane na yi wa magensu wlh yana tada mani hankali. Mutum ya ga mage na ta susa sai ya ɗauko sauran maganin kaskar da ya zuba ma ragon layya, ko Sniper, ko ota fiya-fiya ya shafa mata, wai ai duk maganin ƙwari ne. Guba ce wannan. Ko maganin karnuka mai permethrin kashe mage yake, hantarta ba ta iya sarrafa shi, za ka ga tana karkarwa tana dalalar da miyau tana shure-shure. In hakan ta faru a wanke ta da ruwa da sabulun wanke kwanuka a ruga asibitin dabbobi, kar a tsaya ba ta manja ko madara.

Na mage daban yake, ɗan mitsitsin roba ne da ruwa a ciki, ana buɗa gashin ƙeyarta har sai an ga fata sannan a matse shi duka a wurin, can inda harshenta bai kaiwa. A fata fa, ba bisa gashi ba. Kwana 2 kar ruwa ya taɓa ta, in mage biyu ne a raba su har ya bushe don suna lasar juna, yara ma su ɗan haƙura da ɗaukarta ranar. Yawancinsu duk wata ake maimaitawa, kuma da nauyin mage ake badawa, ɗiyan mage da ba su kai sati 8 ba sai likita ya ce.

To inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa duk maganin ɗigawa yana kashe tsutsa. A'a. Na ɗigawa mai suna Frontline sinadarin fipronil ne a ciki, ƙuma da kaska yake kashewa, babu ruwanshi da ciki. Revolution mai selamectin da Advocate su suna haɗa ƙuma da tsutsotsin hanji dogayen nan masu kamar taliya da masu tsotsar jini, amma tsila ba su taɓa ta, ita sai mai praziquantel irin su Profender ko Broadline. Kuma tsilar nan ƙuma ce ke kawo ta, mage na lasar jikinta ta haɗiye ƙuma mai ɗauke da ita, wata irin kuma daga cin ɓera, magen gidajenmu kuwa ai don ɓera da yawa muka aje su. Ka ɗaga wutsiyarta ka duba, ko tsumman da take kwana, in ka ga wasu farare ƙanana kamar ƙwayar shinkafa wani lokacin ma suna motsi, ita ce. Ka ba da maganin tsutsa ka bar ƙuma, bayan ɗan lokaci ta dawo, sai ka ce maganin jabu ne alhali ba laifinshi.

Ɗiyan mage su ta nonon uwa suke samun tsutsa, shi ya sa za ka ga ciki ya yi tulele jiki kuma a rame, abin tausayi. Ƙwan tsutsar yana fita a kashin mage, ita kuma cikin yashi take binnewa, yashin da yaranmu ke wasa a tsakar gida, to a riƙa kwashewa ana wanke masu hannu.

Ƙumar da ke jikinta kaɗan ce, macen ƙuma na iya yin ƙwai har 50 a rana kuma zubewa suke a tabarma, kafet, ƙarƙashin gado, don haka sai an haɗa da shara sosai da wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, kuma a jure ɗigawar wata ukku a jere ko da an daina ganin susa. Wajen saye a duba hoton mage a kwali da ranar lalacewa, kar a karɓi wanda ya kwana biyu a rana bisa tebur da zafin garin nan, gara ka sa mai shagon magungunan dabbobi ya ɗauko maka na ciki.